Mahatma Gandhi: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Katsina

Na shafe shekara talatin da ɗoriya ina koyar da tarihi a makarantun sakandare, daga ƙasar Malumfashi har Daura, kafin in yi ritaya in dawo gida cikin birni. A duk shekarun nan, babu baƙon da ɗalibai suka fi ja da ni a kansa kamar wannan tsoho ɗan Indiya mai tabarau da sanda. Tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 kuma tambayoyin suka dawo sabo, wasu a majalisarmu ta bayan La'asar a wajen Ƙofar Ƙaura, wasu ta WhatsApp daga tsofaffin ɗalibaina. Shi ya sa na ga gara in tattara su wuri ɗaya. Na bar kowace tambaya kusan yadda aka yi mini ita.

Malam, wane ne Gandhin nan, a taƙaice?

Ainihin sunansa Mohandas Karamchand Gandhi. An haife shi ranar 2 ga Oktoba 1869 a Porbandar, wani gari na bakin teku a yankin Gujarat. Mahaifinsa waziri ne a fadar sarkin garin, mahaifiyarsa Putlibai kuwa mace ce mai yawan ibada irin ta addininsu na Hindu. An yi masa aure da Kasturba yana ɗan shekara 13. Ya tafi Landan karatun lauya a 1888, ya dawo a 1891, ya wuce Afirka ta Kudu a 1893, inda ya kwashe shekara 21. A 1915 ya koma gida, daga 1920 kuma ya zama shi ne ƙashin bayan fafutukar korar Turawan Ingila. Indiya ta sami 'yanci ranar 15 ga Agusta 1947, aka harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948 yana da shekara 78. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, ko na kwana ɗaya. "Mahatma" laƙabi ne, ma'anarsa mai babban rai. Shi kansa bai so laƙabin ba. Na kusa da shi Bapu suke ce masa, wato Baba.

Shi ne uban Indira Gandhi?

A'a. Indira 'yar Jawaharlal Nehru ce, firaministan Indiya na farko. Sunan mijinta Feroze Gandhi ta ɗauka, kuma babu dangantaka ta jini tsakaninsa da Mahatma.

Me ya mayar da lauya mai sa kwat ɗan gwagwarmaya?

Wulaƙanci. Ka san da ya dawo daga Landan lauyancin bai karɓe shi ba. Shari'arsa ta farko a Bombay, da ya miƙe zai yi magana kunya ta rufe masa baki, sai da ya mayar wa matar da yake karewa kuɗinta. Wani attajiri Musulmi, Dada Abdulla, shi ya ɗauke shi aiki a Durban. A watan Yunin 1893 yana cikin jirgin ƙasa da tikitin taragon manya a hannunsa, wani Bature ya ce ba zai zauna da mai duhun fata ba. Aka ce ya koma baya, ya ƙi. A tashar Pietermaritzburg aka jefo shi waje da kayansa, ya kwana cikin sanyin hunturu yana karkarwa. A daren ya yi ta shawara da zuciyarsa: ya koma gida, ko ya tsaya. Ya tsaya.

Abin da nake so a lura da shi ya zo ne bayan shekara 13. A 1906 gwamnatin Transvaal, wani yanki na Afirka ta Kudu, ta fito da dokar da ta tilasta wa kowane ɗan Indiya ya je a yi masa rajista, ya dangwala yatsunsa goma kamar mai laifi, ya riƙa yawo da takarda. Ranar 11 ga Satumba mutane kimanin 3,000 suka taru a wani ɗakin taro a Johannesburg. Wani dattijo Musulmi, Haji Habib, shi ya miƙe ya ce kada a tsaya ga ɗaga hannu, kowa ya rantse da Allah ba zai bi dokar ba. Gandhi ya gargaɗe su cewa rantsuwa ba wasa ba ce, za a ɗaure su, za a doke su, wasu za su yi asarar dukiya. Suka rantse. Bayan shekara biyu, a harabar Masallacin Hamidia, suka zuba takardun rajista kusan 2,000 a cikin ƙatuwar tukunyar ƙarfe suka cinna musu wuta. Ashe a ƙofar masallaci aka yi wa wannan hanya wankan jego, abin da yawancinmu ba mu sani ba.

Mece ce satyagraha? Ba haƙuri ba ne kawai da muka gada kaka da kakanni?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ita ce kuma aka fi kuskurewa. Satya gaskiya ce, agraha kuma riƙo da ƙarfi. Riƙo da gaskiya ke nan. Abokiyar tafiyarta ita ce ahimsa, wato kada ka cutar da mai rai.

Mu Hausawa haƙuri iri biyu muke da shi, amma sunansu ɗaya. Akwai haƙurin wanda aka ƙwace wa gona ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya isa, ya koma gida. Akwai kuma haƙurin wanda ya tsaya a bakin gonar ya ce ba zan tashi ba, ba zan zage ka ba, ba zan ɗaga maka hannu ba, in za ka ɗaure ni ga ni. Na biyun Gandhi ya koyar. Ya kuma kafa masa sharuɗɗa masu tsauri: ka faɗa wa hukuma abin da za ka yi tun kafin ka yi, ka karya dokar zalunci a fili da rana tsaka, ka karɓi hukuncin ba tare da gudu ba, kada ka taɓa dukiyar kowa, kada ka ci mutuncin ɗan sandan da ya zo kama ka, ka bar ƙofar sulhu a buɗe kullum.

Ƙarƙashin duk wannan akwai lissafi. Turawan Ingila da ke Indiya gaba ɗaya ba su kai 200,000 ba, mutanen ƙasa kuwa sun haura miliyan 300. To wa ke karɓar haraji? Wa ke tuƙa jirgi, wa ke gadin kurkuku, wa ke sayen yadin Ingila? 'Yan ƙasa. Mu ma nan Lardin Katsina, Razdan da 'yan Di'o-Di'onsa ba su cika mota ɗaya ba, da hannun En'e aka yi mulkin. Gandhi ya gane cewa azzalumi da hannunka yake marinka. Ranar da ka janye hannun, ka kuma jure abin da zai biyo baya, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Don me yake yawo da ɗan gyauto kamar wanda ba shi da ko sisi?

Wannan tambayar kakata take tuna mini. A wani ƙauye kusa da Malumfashi take, kuma ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. Da kaka, in an ɗebo auduga, za ta gurje ta a kan magurji ta fitar da gurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar girgije. Sai ta jingina da bango ta ɗauki mazari, ta dangwali alli da yatsa, ta murza. Mazarin na juyawa a cikin ɗan kasko, zare na fitowa siriri, ita kuma tana hira ko kallonsa ba ta yi. Ranar kasuwa a kai wa masaƙa zare da abawa. Da kuɗin kaɗin nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Indiya ma haka take, har ta fi. Ƙasa ce da duniya ta san ta da saƙa. Da Turawa suka kama ta, sai ɗanyar audugarta ta riƙa tafiya masaƙun Lancashire a Ingila, ta dawo a matsayin yadi, masaƙan gida suka talauce. Irin tafiyar da audugar Funtuwa ta riƙa yi a jirgin ƙasa zuwa Legas, ta dawo mana akoko da atamfa. Gandhi ya ce kowa ya koma kaɗi, ya sa tufar da aka saƙa a gida, wadda suke kira khadi. A 1921 aka riƙa tara yadin waje ana ƙonawa a tituna. A watan Satumban shekarar, a garin Madurai, ya ga talakawa da yawa ko khadin ba su iya saye isasshe, sai ya ce shi ma ba zai sa abin da ya fi nasu ba. Daga ranar ya koma gyauto da mayafi, kuma da su ya shiga fadar Sarkin Ingila George na Biyar a 1931. Kullum sai ya yi kaɗi, ko yana kurkuku.

Ni a ganina hikimar kaɗin nan ta wuce maganar kuɗi. Ya ba tsohuwar da ke cikin kulle da manomin da bai iya karatu ba aikin da za su yi wa ƙasarsu kowace rana da hannunsu. In na wuce ta gefen masaƙun Kaduna da Kano da suka mutu, na ga kasuwanninmu cike da yadin waje, wannan darasin ne ke fara faɗo mini.

Me ya sa gishiri? Duk matsalolin Indiya sai gishiri?

Manyan jam'iyyarsa ta Congress ma haka suka tambaya. Amma ka tambayi uwargida. Miya ba nama ana sha, miya ba gishiri fa? Mu da muka san ayarin raƙuma da ke keta Sahara zuwa Bilma su dawo da kantu, ba sai an yi mana bayanin darajar gishiri ba. A Indiya gwamnati ce kaɗai ke da ikon yin gishiri da sayar da shi, ta kuma ɗora masa haraji. Matar da ke zaune a bakin teku, in ta tsinci wanda rana ta busar a ƙofar gidanta, ta yi laifi. Haraji ne da ya shafi Hindu da Musulmi, mai kuɗi da matsiyaci, ya kuma fi cin matsiyacin.

Ranar 2 ga Maris 1930 ya rubuta wa Lord Irwin, wakilin Sarkin Ingila, ya gaya masa abin da zai yi. Ranar 12 ga wata ya fito daga mazauninsa na Sabarmati da mutum 78, yana ɗan shekara 60, suka kama hanyar Dandi a ƙasa. Kimanin kilomita 385 ne, ya fi zuwa Kano daga Katsina da dawowa. Kwana 24 suna tafiya, kowane ƙauye ya tsaya ya yi magana, dagatai da dama suka ajiye muƙamansu. Da safiyar 6 ga Afrilu ya sunkuya a bakin teku ya ɗebi dunƙulen laka mai gishiri. Shi ke nan abin da ya yi. Kafin shekara ta ƙare an ɗaure mutum fiye da 60,000.

Da aka kama shi, wanda ya zaɓa ya gaje shi wani tsohon alƙali ne Musulmi, Abbas Tyabji, mai shekara 76. Shi ma aka kama. Sai wata mace, Sarojini Naidu, ta ja mutane kimanin 2,500 zuwa ma'ajiyar gishiri ta Dharasana ranar 21 ga Mayu. Suna zuwa sahu-sahu, 'yan sanda na fasa musu kai da kulake masu bakin ƙarfe, babu wanda ya ɗaga hannu ko don kare fuskarsa. Sahu ya faɗi, masu ɗaukar majinyata su janye su, wani sahun ya matso. Ɗaruruwa suka jikkata, biyu suka rasu. Wani ɗan jaridar Amurka, Webb Miller, ya gani da idonsa ya aika wa duniya. Harajin bai tashi gaba ɗaya ba sai gab da 'yanci, amma a 1931 wakilin Sarki ya zauna teburi ɗaya da mutumin da ya ɗaure.

Baba, gaskiya ni abin ya fi mini kama da tsoro. A doke ka ka tsaya kana kallo?

Ɗana, matsoraci ba ya shiga sahu na biyu bayan ya ga abin da aka yi wa na farko. Gandhi da kansa ya rubuta a 1920 cewa in zaɓi ya rage tsakanin ragwanci da faɗa, faɗa zai ba da shawara. Abin da yake cewa shi ne akwai hanya ta uku, kuma ta fi su wuya.

Ka duba shekarar 1906 ɗin nan dai. A ita mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da gatura da fartanya suka yi wa sojan Turawa ɓarna. Ba a yi wata ɗaya ba aka dawo da bindiga mai ruwa, aka shafe garin. A ita aka ci Haɗeja. A ita aka murƙushe boren Zulu na Afirka ta Kudu da Bambatha ya jagoranta. Babu mai cewa mutanen nan ba jarumai ba ne. Amma sun tari Bature a filin da ya fi ƙarfi.

In zanga-zangar lumana ta rikiɗe fa, kamar yadda muka gani?

A nan ne na fi ganin girman mutumin. A farkon 1922 yunƙurin ƙin ba da haɗin kai ya kai ƙololuwa: ɗalibai sun bar makarantun gwamnati, lauyoyi sun bar kotuna, dubbai na kurkuku. Sai ranar 4 ga Fabrairu a wani gari mai suna Chauri Chaura 'yan sanda suka yi harbi suka kashe mutum uku. Jama'a suka fusata, suka kora su cikin caji ofis suka cinna wuta, 'yan sanda 22 suka mutu. Gandhi ya dakatar da yunƙurin a faɗin ƙasar baki ɗaya, ya yi kwana biyar ba ya cin abinci don nadama. Nehru da sauran da ke tsare suka ji haushi ƙwarai, suka ce don laifin gari ɗaya za a tsayar da ƙasa? Ya ce mutanen ba su shirya ba tukuna, kuma laifinsa ne da ya kira su kafin ya horar da su. Wata ɗaya bayan haka aka yanke masa ɗaurin shekara shida.

A Agustan 2024 na ga yara riƙe da kwalaye, kuma abin da suka rubuta gaskiya ne, don ni ma na san kuɗin kwanon masara a lokacin. Kafin la'asar labari ya sauya ya koma na fashe-fashe da dokar hana fita, aka daina maganar yunwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum 78 da suka bi Gandhi zuwa Dandi sun yi shekaru a mazauninsa suna tashi kafin asuba, suna kaɗi, suna share masai, suna koyon haɗiye fushi. Duk wanda zai kira jama'a titi, ya fara tambayar kansa: in aka jefi yaran nan da barkonon tsohuwa, wa zai hana su ɗaukar dutse? In ɓata-gari suka shigo, ina da ƙarfin halin cewa kowa ya koma gida?

Ya halatta Musulmi ya yi koyi da wanda ba Musulmi ba?

Ni malamin tarihi ne, fatawa ta malamai ce. Amma ga abin da tarihi ya nuna. A yankin Pathan na kan iyakar Afghanistan, inda ramuwar gayya take kamar farilla, wani mutum mai suna Khan Abdul Ghaffar Khan ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar a 1929, wato masu yi wa Allah hidima. Dubban mazaje ne masu jajayen riguna, suka yi rantsuwa ba za su ɗauki makami ba, ba za su rama ba. Ranar 23 ga Afrilu 1930 a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar soja suka buɗe musu wuta, suka tsaya ƙirji a buɗe. Wasu sojojin Garhwal, 'yan Hindu, suka ƙi bin umarnin harbi, aka ɗaure su. Ghaffar Khan ya sha faɗa cewa ba daga Gandhi ya samo wannan ba, daga haƙurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na shekarun Makka ya samo. Maulana Abul Kalam Azad, malamin tafsiri, shi ya shugabanci Congress daga 1940 zuwa 1946.

Mu ma mun san ayar Suratul Ma'ida inda ɗan Annabi Adamu ya ce wa ɗan'uwansa in ka miƙo hannu don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa don in kashe ka ba. Mun san hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne kalmar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Bambancin dai a fili yake: Musulunci ya yi izinin kare kai da yaƙi bisa sharuɗɗansa, Gandhi kuwa ya so rashin cutarwa ya zama doka a kusan kowane hali. Ba sai ka ɗauki aƙidarsa ba kafin ka amfana da dabararsa.

Ƙin cin abincin da yake yi fa, azumi ne?

Ba irin namu ba ne. Yana shan ruwa, amma ba ya cin komai dare da rana, wani lokaci har kwana 21. Nan kam ina da ja. Rai amana ne, kuma ko a zamaninsa akwai waɗanda suka ce wannan tilastawa ce da aka yi wa ado. Misali mafi zafi shi ne na 1932, lokacin da Turawa suka amince a ba 'yan ƙasƙantaccen jinsin nan da ake ƙyamar taɓawa, Dalit, zaɓensu na daban. Gandhi ya ce zai daina ci har ya mutu. Jagoransu, Dokta Ambedkar, ya sa hannu a yarjejeniyar Poona ba da son ransa ba, ko da yake ya samo musu kujerun majalisa 148 maimakon 71. Har yau Dalit da yawa ba su yafe ba.

Duk da haka, shi ne mutumin da ya karɓi iyalin Dalit a mazauninsa a 1915 har masu ba shi taimako suka janye. Kafin mu yi wa Indiyawa dariya, mu tuna gidaje nawa ne a garin nan har gobe ba za su ba ɗan mahauta ko ɗan wanzamai aure ba.

An ce ya raina baƙar fata. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba zan shafa masa mai ba. A shekarunsa na farko a Afirka ta Kudu ya rubuta kalaman raini a kan 'yan Afirka, ya yi amfani da sunan cin mutuncin da Turawa ke kiransu da shi, ya yi ƙorafin ana haɗa Indiyawa da su. A yaƙin Bambatha ya jagoranci masu ɗaukar majinyata a ɓangaren Turawa, ko da yake Zulun da aka yi wa bulala ya ƙare da jinya. Saboda wannan ne aka cire mutum-mutuminsa daga Jami'ar Gana a Disambar 2018. Daga baya harshensa ya sauya, ya karɓi baƙaƙen Amurka a 1936 da girmamawa. Martin Luther King ya bi hanyarsa a ƙauracewa motocin haya na Montgomery, kwana 381, Kwame Nkrumah ma ya yi amfani da ita a 1950. Sun san tarihinsa, suka ɗauki abin da zai amfane su. A cikin gida ma yana da tabo: ya tsananta wa Kasturba, babban ɗansa Harilal ya lalace suna ɓace da juna, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya yi wani gwajin kamun kai da 'yan mata na gidansa wanda na kusa da shi ma suka yi tir da shi. Ni ma ina tir da shi.

Shi kaɗai ya kori Turawa?

A'a. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsiyata Ingila, sojan ruwan Indiya sun yi bore a 1946, wani jagoran Indiyawa, Subhas Chandra Bose, ya ɗauki makami. Abin da Gandhi ya yi shi ne ya fitar da siyasa daga zauren lauyoyi ya kai ta gona da kasuwa, ya cire wa talaka tsoron kurkuku.

Me ya haɗa shi da Malam Aminu Kano?

Malam yana karatu a Landan a 1946 zuwa 1947, daidai lokacin da Indiya ke karɓar 'yancinta, kuma bai ɓoye sha'awarsa ga Gandhi ba, har wasu marubuta suna ce masa Gandhin Najeriya. Kamannin a bayyane suke: farar riga marar ado, ɗan gida a Gwammaja, da tara talakawa su daina tsoro. 'Yan NEPU, da aka kafa a 1950, sun sha ɗauri da bulala a kan taro da magana, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. Sai dai tushen Malam na gida ne: Alƙur'ani, rubuce-rubucen masu jihadi, da Malam Sa'adu Zungur.

Gishirinmu a nan shi ne haraji da jangali. Ina yaro na ga an tsayar da magidanta a rana a ƙofar gidan mai gari saboda ba su cika kuɗin haraji ba, na ga mahaifina ya ja akuyar da muke shan nononta zuwa kasuwa. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su, lokacin Katsina da Daura suna cikin Jihar Kaduna. Kusan shekara 30 aka yi ana wannan kira kafin ya tabbata.

To wannan hanya za ta yi maganin 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Ƙanƙara?

Wani tsohon ɗalibina da aka kora daga ƙauyensu ne ya yi mini wannan tambayar, kuma ba zan yaudare shi ba. Satyagraha tana cin wanda ke buƙatar haɗin kanka, mai jin kunyar duniya, mai doka ko da ta zalunci ce. Wanda ya zo da tsakar dare a kan babur ya kwashe matanka ba ya cikin waɗannan. Gandhi ya ba Yahudawan Jamus shawarar su fuskanci Hitler da wannan hanya a 1938, kuma a ganina ya yi kuskure babba. Kare rai da iyali haƙƙi ne, tsaron ƙasa kuma wajibin hukuma ne.

Inda darasinsa ke da amfani shi ne gefen matsalar. Na farko, matsa wa hukuma ta yi aikinta, cikin tsari da naci, ba na kwana ɗaya ba. Na biyu, janye hannu: ɗan bindiga ba ya haƙo fetur a daji, ba ya gasa burodi, wani ne a cikinmu ke kai masa, wani ke ba shi labari. Na uku, kada a kama Bafulatanin da ya zo cin kasuwa a kashe shi don laifin wani. Duk ran da aka yi haka, an ƙara wa daji mutum goma.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Ya ƙi yarda a raba ƙasar, amma aka raba, Indiya da Pakistan. Muhammad Ali Jinnah, jagoran masu neman Pakistan, da Musulmi da yawa sun ga ba za su sami adalci a ƙarƙashin rinjayen Hindu ba, kuma yawan kalmomin addinin Hindu a bakin Gandhi bai kwantar musu da hankali ba. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. Ranar bikin 'yanci ba ya Delhi. Yana Kalkata, a wani tsohon gidan Musulmi a unguwar Beliaghata, tare da Suhrawardy, jagoran Musulmin Bengal, suna ƙoƙarin kashe wutar rikici. Da kisa ya sake ɓarkewa a Satumba ya daina cin abinci, cikin kwana uku 'yan daba suka riƙa zuwa suna zube makamai a gabansa.

Ranar 13 ga Janairu 1948 ya sake dainawa a Delhi. Sharuɗɗansa: a fita daga masallatan da aka mamaye a mayar wa Musulmi, a bar su su yi zirga-zirga lafiya, a bar su su yi taronsu na shekara a hubbaren Shehu Qutbuddin Bakhtiyar Kaki da ke Mehrauli. A cikin kwanakin ne gwamnatin Indiya ta amince ta biya Pakistan rupi miliyan 550 da ta riƙe mata. Ranar 18 ga wata shugabannin addinai suka sa hannu, ya karɓi ruwan lemo daga hannun Maulana Azad. Ranar 27 ya je Mehrauli da kansa ya halarci taron.

Bayan kwana uku, da yamma wajen ƙarfe biyar, ya fito zuwa filin addu'a a gidan Birla, yana dafe da kafaɗun matasan mata biyu na danginsa. Wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya ratso taron ya rusuna kamar mai gaisuwa, ya harbe shi sau uku a ƙirji. A gaban kotu ya ce ya yi haka ne saboda Gandhi ya cika goyon bayan Musulmi. An rataye shi ranar 15 ga Nuwamba 1949.